Yadda Ake Mayar da Tsoffin Injuna da Kayan Sana'a Adon Bango

Zariya gari ne mai tsohon ƙarfe. Tun da layin dogon Baro zuwa Kano ya ratsa garin a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, aka ja wani zuwa Ƙauran Namoda, injuna suke ta shigowa: na gurzar auduga, na taba, na ɗab'i irin waɗanda Kamfanin Gaskiya ya girke a Tudun Wada bayan kafa shi a 1945. A gefen waɗannan manyan wurare kuma ƙananan masu sana'a suka yi ta yaɗuwa, teloli da kafintoci da masu niƙa da masu gyaran keke, ga kuma maƙera da suke nan tun kafin zuwan Bature. Kowannensu ya bar kayan aiki. Yau mafi yawan kayan nan hanyarsu ɗaya ce: ɗan gwangwan ya zo, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo, a loda a mota zuwa inda za a narkar. Keken ɗinkin da ya ciyar da gida shekara arba'in sai ya koma rodi.

Ba kowane ƙarfe za a iya ceta ba, amma wanda ke da fasali da tarihi ya cancanci bango. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maginan Zazzau sun daɗe suna zana keke a fuskar gidaje tare da dagi, iyayenmu mata kuwa da jeren kwanuka da tasoshi suke ƙawata ɗaki. Kayan amfani ya zama kayan ado, mun san wannan. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a yi wa ƙarfe mai nauyi haka ba tare da an ɓata shi ba, ba kuma tare da ya faɗo wa wani a kai ba.

Zaɓe da nema

Kafin komai ka tabbata injin ya mutu. Keken da mai gyara zai iya tayarwa da ɗan kuɗi kaɗan ba na bango ba ne, na yaron da ya gama koyon ɗinki ne ba shi da jari. Ka kai wa mai gyara ya duba. In ya ce jikin ya tsage, ko abin da ya lalace ba a samunsa a kasuwa, to ya zama naka. Ban yarda a kashe abin neman abinci don falo ya yi kyau ba.

Abin da ya fi dacewa da bango shi ne mai faɗi marar kauri, wanda ake gane siffarsa daga nesa. Ƙafafun keken ɗinki na takawa suna kan gaba, saboda ƙirarsu kamar an saƙa, ga babbar ƙafar da bel ke zagayawa. Sai giya masu haƙora, da fuli, da faifan nan mai tsaga-tsaga da masu niƙa ke cirewa idan ya cinye. Sai kayan hannu: zarton mutum biyu, gizago, awartaki, masaba, magagari, manyan sifanu, tsohon sikelin auduga da gyaɗa. Kada ka raina ƙananan farantan tagulla da ke manne jikin injuna, masu sunan kamfani da lamba. Ko injin ya fi ƙarfin bangonka, farantinsa bai fi ba. In kuma Allah ya haɗa ka da akwatin katakon nan mai gida-gida da maɗaba'a ke zuba haruffa a ciki, musamman in akwai haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, to ka riƙe da hannu biyu, don ba a cika samunsu ba.

Ka fara nema a gida, a sito da bayan ɗaki. Sai dai in kayan mamaci ne, gado ne, ba a ɗauka sai da yardar magada ko da kowa na ganin bola ce. Daga nan ka zagaya wurin tsofaffin masu sana'a a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da cikin Birni. Ka yi sallama, ku gaisa sosai, sannan ka ce, "Baba, wancan ƙarfen da ke jingine, in an daina aiki da shi ina so a sayar mini, zan gyara in ajiye ne, ba narkarwa za a yi ba." Wannan maganar ta ƙarshe tana da nauyi a wurin mai sana'a. Kuma kada ka tashi sai ka tambayi labarin abin: wa ya fara sayensa, daga ina, a zamanin wane sarki, me aka yi da shi. Ka rubuta nan take. Ƙarfe yana jira, amma mai ba da labarin ba ya jira.

Wurin 'yan gwangwan shi ne zango na uku, kuma in ba ka samu a Zariya ba, Fanteka ta Kaduna ba ta da nisa. Ka tafi da tef na awo da ɗan mayen ƙarfe. Abin da maye ya kama baƙin ƙarfe ne. Wanda bai kama ba galibi ko tagulla ne, ko jan ƙarfe, ko alminiyom, kuma kowanne da irin wankinsa. Tunda sikeli na nan, ka sa a auna maka ka rubuta nauyin, don duk shawarar da za ka yanke a kan bango daga wannan lambar za ta fito. Abin da ya yi kama da kayan layin dogo, ko na wutar lantarki, ko murfin kwalbati, ka bar shi komai arharsa. Kayan jama'a ne, sayensu laifi ne, kuma mai saye shi ke ƙarfafa ɓarawo.

Kwancewa

Ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare kafin ka taɓa noti ko ɗaya. Ka tanadi gwangwanaye ko ledoji, kusoshin kowane sashe a nasu wurin.

Notin da ya shekara talatin bai motsa ba ba a yi masa gaggawa. Ka goge bakin zaren da buroshin waya, ka ɗiga kananzir da aka haɗa da ɗan man inji, ko man feshin nan na gwangwani, WD-40, ka bar shi ya kwana. Gobe ka ƙara. Ka yi amfani da sifana mai zobe wadda ta zauna daidai, ka ɗan ɗaure kaɗan tukuna sannan ka kwance, wannan yana karya tsatsar da ke cikin zare. In ya ƙi, mai walda zai iya gasa notin da wuta ya buɗe, amma sai an share mai da kananzir tas. Abin da ba za ka yi ba shi ne dukan jikin inji da guduma. Yawancin tsoffin injuna ƙarfen zubi ne, yana da nauyi amma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma waldarsa sai gwani. Notin da ya gagara, in bai hana ka ratayewa ba, ka ƙyale shi a inda yake.

Akwai haɗura uku da ba a gani da ido. Na farko dalma. Tsohon fenti yakan ƙunshe ta, haruffan ɗab'i kuwa da ita aka zuba su, tare da kuza. Mu a Arewa mun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ɗaruruwa suka rasu. Don haka ba a goge tsohon fenti a bushe, ba a yi a tsakar gida inda yara ke wasa ko inda ake shanya hatsi. A jiƙa, a sa safar hannu da takunkumi, a wanke hannu kafin cin abinci. Na biyu asbesto, wani abu fari-fari ko toka-toka mai zare-zare da ake samu a tsoffin gasket da birki da kuloci. Kada ka kankare shi. Ka jiƙa, ka cire shi ɗungurungum, ka ƙulle a leda. Na uku sifirin da ke a matse, wanda kan yi tsalle ya sami ido.

Wanki da cire tsatsa

A nan ne yawancin mutane ke ɓata kaya. Sai ka ga an kai wurin mai gurza ya cinye fuskar ƙarfen da inji har yana walƙiya, an fesa masa fenti ruwan zinariya, ya koma kamar abin wasan yara. Inda tafin hannun kafinta ya sa ƙotar gizago ta yi sulɓi, inda ƙafar tela ta cinye matakin keke, ɗan ragowar koren fentin injin Lister, waɗannan su ne adon. Aikinka ka cire datti da tsatsar da ke cin ƙarfe, ka bar sawun aiki.

Fara da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka narkar da daskararren giris. Sannan ruwan ɗumi da omo, ka ɗauraye, ka shanya a rana nan da nan. Sai yanzu za ka ga ainihin abin da ke hannunka, kuma sau da yawa za ka tarar tsatsar ba ta kai yadda ka zata ba.

In ja-ja ce kawai a sama, buroshin waya na hannu da sosan ƙarfe mai laushi da ɗan mai sun isa. Abin da zai rage wani duhu ne mai ruwan ƙasa da ya kama jikin ƙarfen. Wannan ba cuta ba ce, ka bar shi.

In tsatsar ta yi ɓawo, ƙananan kaya sai a jiƙa su a ruwan khal, wato binega fara. Ka nutsar da su gaba ɗaya a robar da ta ɗauke su, don in rabi na waje za a sami layi a inda ruwan ya tsaya, kuma ba ya gogewa. Ka duba bayan awa 12, ka goga da buroshi, in da saura ka mayar. Kada ka wuce kwana biyu, domin idan tsatsa ta ƙare ruwan zai koma cin ƙarfen. Jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri ma tana yi, sai dai ta fi jinkiri. Da ka fitar, ka ɗauraye a ruwan da aka zuba ɗan soda-ash don kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa zalla, ka busar da sauri. Ƙarfen da ya fito daga tsami yakan fara sabuwar tsatsa cikin mintuna, saboda haka ka ajiye tsumma mai mai a kusa.

Manyan kaya masu lungu da saƙo, irin ƙafar keke ko giya, hanyar lantarki ta fi musu, kuma ba ta da wuya yadda ake tsammani. Ka sami babbar roba ko rabin duro na roba, ba na ƙarfe ba. Ka zuba ruwa, kowace lita 4 babban cokali ɗaya na soda-ash, wadda masu sayar da kayan haɗa sabulu ke da ita. Ka lura, ba kostik soda ba, waccan tana ƙona fata, kuma ba gishiri ba, shi yana fitar da iska mai guba. Ka jera guntayen rodi ko wani ƙarfen banza a gefen robar, ka haɗa su da waya. Kada ka sa ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin na cokali, yana ɓata ruwan da guba. Ka rataya abin da kake wankewa a tsakiya, kada ya taɓa rodin. Sai cajar batirin mota mai bolt 12: baƙar waya, wato negatif, a jikin kayanka; jar waya a jikin rodi, bakinta a wajen ruwa. In ka juya su, kayanka ne zai cinye. Da ka kunna za ka ga ƙananan kumfa na tashi. Kumfar nan iska ce mai kama wuta, don haka a fili ake yi, nesa da murhu da sigari, kuma a kashe caja kafin a sa hannu. Daga awa 6 zuwa kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon tsatsar da kuma yadda wuta ta samu. Tsohuwar caja ta fi dacewa, domin wasu na zamani ba sa tashi sai sun ji batiri. Abin zai fito baƙi ƙirin, ka goge da buroshi a ruwa, ka busar. Wannan hanya tana ɗaye fenti, kuma ba ta dace da tagulla ko alminiyom ba.

Kan keken ɗinki shi kaɗai ne ba ya shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zanen zinariyar da ke jikin Singer da Butterfly siririn abu ne a ƙarƙashin wani ɗan sheƙi, ruwan omo ko sifirit ko tina suna iya mayar da shi fari ko su share shi. Man keke da auduga kawai, a hankali, kana sauya audugar. Ka nemi lambar da ke kan gadon Singer ta hannun dama ka rubuta, da ita ake gano shekarar ƙira a intanet. Wanda lambar samfurinsa ke da harafin K, kamar 15K, a masana'antar Clydebank ta Sukotlan aka yi shi, wadda aka rufe a 1980.

Tagulla kuwa lemun tsami ko tsamiya, a goga da tsumma, a ɗauraye sosai. Ban da sanfefa a kan faranti mai rubutu.

Kariya

Lokaci ya fi komai. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar Zariya a bushe take, ƙarfe ba ya saurin komawa tsatsa, mai da fenti suna bushewa da kyau. Matsalar hunturu ƙura ce, don haka shafawa a ɗaki ake yi, a yayyafa ruwa a ƙasa a rufe taga. A Agusta kuwa, in ba dole ba, ka haƙura.

Abin da na fi so shi ne kakin zuma. Ka ajiye ƙarfen a rana ya yi zafi, ka goga kakin ya narke ya shiga ramuka, ka bari ya huce, ka murza da tsumma. Man goge takalmi marar launi ma kaki ne, yana yi. Kaki ba ya sauya kamannin ƙarfe, kuma duk ranar da ka so cire shi kananzir zai cire. Man linsid na masu fenti yana ƙara duhu mai kyau, yana kuma raya ƙotar katako, amma siriri ake shafawa a goge ragowar, in ba haka ba ya yi danƙo. Tsumman da ya sha linsid kada a dunƙule shi a jefa a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. A baza shi a ƙasa a waje ya bushe. Man gyaɗa da baƙin mai ba su da wuri a nan. Na farko yana danƙo ya tara ƙura, na biyu yana tsiyaya ya ɓata bango.

Akwai wata dabara da ke kusa da mu. Dukawa sun san cewa ruwan ƙarfe in ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa baƙi yake bayarwa, haka ake yin kuloko. Sinadarin da ke cikin bagaruwar irinsa ne ake sawa a magungunan kashe tsatsa na kanti. In ka dafa dakakkiyar bagaruwa, ka tace, ka shafa a ƙarfen da ke da 'yar siririyar tsatsa sau biyu ko uku, zai yi baƙi mai shuɗi-shuɗi. Ya bushe sarai, sannan kaki a kai. Ka gwada a bayan abin tukuna ka ga ko launin ya yi maka.

Fenti sai ga abin da zai zauna a waje ko a baranda: jan fentin farko na hana tsatsa, sannan baƙi marar sheƙi.

Tsari

Ka auna filin bangon, ka zana irinsa a ƙasa da alli, ka jera kayan a ciki. Babba ɗaya a tsakiya ko ɗan gefe, ƙanana su kewaye shi, a bar sarari tsakani kamar faɗin tafin hannu. Ka hau kujera ka ɗauki hoto, ka sauya, ka sake ɗauka. Kayan sana'a guda sun fi ma'ana a tare: bangon tela, bangon maƙeri. In ka cakuɗa sifana da almakashi da sikeli, shagon gwangwan ka buɗe. Kuma abu uku masu kyau sun fi goma sha biyar.

Ƙananan kaya kada ka huda wa kowanne rami a bango. Ka sa kafinta ya haɗa allo da busasshen katako mai kauri santimita 2 zuwa 3, maɗaci ko ƙawo in an samu, a shafa maganin gara a bayansa. A kan allon za a ɗaure kayan, ta ramukan da ke jikinsu tun asali, ko da lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da harafin U da zai rungume su a ɗaure da noti ta baya. Ba a huda tsohon kaya, ba a yi masa walda. Mai walda ya ƙera maƙalin daban, kayan ya zauna a ciki. Haruffan dalma kuwa sai a bayan gilashi.

Ratayewa

Ga ƙa'idar da nake bi, kuma na gwammace a ce na cika tsoro. Abin da bai kai kilo 5 ba, sukuru biyu da fisha mai milimita 8, wato robar da ake cusawa a rami ta kama sukuru, sun riƙe shi a bangon bulo mai kyau. Daga kilo 5 zuwa 20, allo da kusoshi huɗu ko fiye masu milimita 10. Abin da ya haura kilo 20, ko dai a kafa shi a kankaren fila ko linta da kusa mai buɗewa a ciki, ko a huda bangon gaba ɗaya. Wanda ya kai buhun siminti, irin fulawil ɗin babban Lister, wato ƙatuwar ƙafar ƙarfen da ke juyawa a gefen injin, ba a rataye shi. A gina masa ɗan dakali ya zauna, nauyin ya tafi ƙasa, a ɗaure samansa da bango don kada ya kife. Lissafin ya haɗa da nauyin allon kansa.

Dalilin wannan tsantseni shi ne bulonmu. Mai inci 6 da mai inci 9 duk rami ne a ciki, fatar da kusa za ta kama siririya ce, kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo ke tsuke siminti. Ka ƙwanƙwasa bango da ƙotar sukundireba: inda ya yi amo rami ne, inda ya yi dum nan ne ciko ko kankare. Ka huda ramin gwaji. In garin da ke fitowa yashi ne zalla yana zuba da kansa, wannan bangon ba ya riƙe fisha. A bulo mai rami ka kashe bugun dirila, ta yi juyi kawai, don bugu yana farfasa fatar ta ciki. In a kankare ne ka ji ka taɓa rodi, ka tsaya ka matsa gefe.

Hudawa gaba ɗaya ita ce mafi aminci: dogon ƙarfe mai zare, milimita 10 ko 12, ya fita ta ɗaya gefen, a sa masa farantin ƙarfe kamar santimita 10 kowace kusurwa, a ɗaure da noti, a rufe da filasta in ana so. In bayan bangon ɗakin maƙwabci ne, sai magini ya fasa ɗan rami a saman wurin ya cika ramin bulon da kankare, a jira aƙalla mako guda kafin a huda. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida tukuna.

Kafin dirila ta taɓa bango ka dubi soket da makunnin fitila. Wayoyi sukan tashi sama ko su tafi gefe a miƙe daga gare su, don haka ka kauce wa waɗannan layuka, ka kuma kashe wutar gidan. Bangon da ke da banɗaki a bayansa akwai bututun ruwa, ga danshi.

Ga allo mai nauyi, kafinta ya tsaga katako guda a tsaye a karkace, kusurwa 45. Rabi a kafa a bango, bakin karkacen yana kallon sama da bango. Rabi a bayan allo yana kallon ƙasa. Da an ɗora sai su sarƙe, nauyin ya bazu a tsawon katakon. A sa filam, ma'aunin daidaito na magina, a tabbatar ya miƙe, a ƙara sukuru ɗaya a ƙasa don kada wani ya ɗaga shi.

Kan keken ɗinki yana kai kilo 12 zuwa 15, kuma ba ya kwanciya a bango, sai a kanta. Duk abin da ya turo gaba yana fizgar kusar sama ne waje, don haka ita ce za a fi ƙarfafawa. Maƙalan su zama na ƙarfe mai kusurwa da aka yi wa tokara, kan keken kuma a ɗaure shi da kantar ta ƙasa.

Gidajen ƙasa na cikin Birni hukuncinsu daban. Tubali ba ya riƙe kusa mai nauyi, a hankali take sassautawa har ranar da za ta zare. A nan sai a kafa sanduna biyu na ƙarfe ko katako mai ƙarfi daga daɓe, su jingina da bango, allon ya hau kansu. A nemi maginin gargajiya ya nuna inda za a ɗaure saman, kada a je a raunana azara ko bakan gizon da ke ɗauke da rufi.

Kafin kayan su hau, ka gwada maƙalin da ninki biyu na nauyinsu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 ta ba ka kilo 25. Ka rataya da igiya kusa da ƙasa, ka bari ta kwana, da safe ka duba ko filasta ta tsage ko kusa ta leƙo. In ta motsa ko kaɗan, a sake.

Tsayi kuwa, masu gidajen nuni suna sa tsakiyar abu wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye. A zaure ko falon da ake zama a kan darduma za ka so ka sauko da shi, amma mu masu jingina da bango ne, ga yara. Don haka kada a rataya ƙarfe a saman inda ake zama, ko gado, ko wurin salla. Ka zaɓi bangon da ake fuskanta, ba wanda ake jingina ba. Duk abin da ke juyawa a ɗaure shi da waya ta baya don kada ya datse yatsa, zarto da almakashi su yi sama inda hannu ba ya kai. A bar tazarar santimita 1 ko 2 tsakanin kaya da bango iska ta riƙa wucewa, musamman a bangon gabas, wanda ruwan damina ke duka.

Labarin nan da ka rubuta a wurin Baba, yanzu ne amfaninsa. Ka sa a rubuta shi a ɗan kati ko guntun fata, da boko ko ajami ko duka biyu: sunan abin, sana'ar, unguwar, shekarun da ya yi aiki, da sunan mai shi in iyalinsa sun yarda. Fitila ƙarama daga sama a karkace tana fito da haƙoran giya da rubutun zubi fiye da wadda ke haskawa kai tsaye.

Da hunturu a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshin fenti kowane mako, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin saukar ruwa, wajen Afrilu, a sake shafa kaki, a bi notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, don katako yana tsukewa da rani ya sassauta su. In ka ga jan layi ya gangaro a bango daga ƙarƙashin wani abu, danshi ya shiga bayansa. A sauke, a goge wurin da sosan ƙarfe, a shafa kaki, a ƙara tazarar kafin a mayar.